Yadi Dubu Tsakanin Maharbi da Allo: Tarihin Hamayya da Mutunta Juna a Fagen Harbin Nesa

Ranar 2 ga watan Yuli na shekarar 1860, a wani makeken fili da ake kira Wimbledon a gefen birnin Landan, Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta miƙa hannu ta kama wata igiyar siliki da aka ɗaura wa kunamar bindiga, ta ja. Bindigar kuwa, wadda injiniya Joseph Whitworth ya ƙera, tun kafin isowar Sarauniya an riga an kafe ta cikin matokari an daidaita bakinta, saboda haka da ta tashi sai harsashi ya keta yadi 400 ya sauka dab da cibiyar allo. Da wannan harbi aka buɗe taron farko na Ƙungiyar Bindiga ta Ƙasar Birtaniya, kuma a cikinsa, ga mai lura, akwai mas'alar da maharban nesa suka shafe fiye da shekara 160 suna muhawara a kanta: idan harsashi ya faɗa inda ake so, wa ya cancanci yabo? Wanda ya ja kunama, ko maƙerin da ya ƙera bindigar, ko kuwa wanda ya dubi iska ya daidaita saiti? Duk wani saɓani da ya taɓa shiga tsakanin fannonin wannan wasa, tun daga zamanin albarushi mai baƙin hayaƙi har zuwa zamanin allo mai na'urar lantarki, in aka bi salsalarsa za a tarar daga wannan tambaya ya tsiro, haka nan kuma mutuncin da suke gani na juna daga amsarta ya samo tushe.

Bindigar soja da bindigar gasa

Tsoro ne mafarin al'amarin. A shekarar 1859 mutanen Ingila sun kasance cikin zullumin cewa Sarki Napoleon na Uku na Faransa yana iya kawo musu hari, sai fatake da malamai da masu sana'a suka yi ta kafa rundunonin sa-kai a garuruwansu. Da aka ga cewa ɗaukar bindiga daban, iya harbi kuma daban, sai waɗansu manya, cikinsu har da Lord Elcho, suka kafa ƙungiyar da muka ambata a ƙarshen wannan shekara, domin a koya wa jama'a harbi ta hanyar musabaƙa. Sarauniya ta sa kyautar fam 250, wadda wani saurayi mai suna Edward Ross ya fara cinyewa.

Ba a daɗe ba sai maharba suka rabu gida biyu. Kashi na farko su ne masu riƙe da bindigar Enfield mai faɗin baki, wadda gwamnati ke raba wa soja. Hujjarsu ita ce, tun da maƙasudin taron tsaron ƙasa ne, bai kamata a auna gwanintar mutum da wani makami ba face wanda zai ɗauka ranar da aka buga tambarin yaƙi, kuma idan kowa ya riƙe iri ɗaya, wanda ya ci ya ci da hannunsa da idonsa, ba da aljihunsa ba. Kashi na biyu kuwa su ne masu bindigogi masu ƙaramin baki, ƙirar Whitworth da Rigby da Gibbs, masu tsada da laushin saiti, waɗanda ke kai wa yadi dubu alhali Enfield ta gaza tun a hanya. Su kuma suna cewa, in ba a bar masu bincike sun gwada sabon ƙarfe da sabon harsashi ba, bindigar sojan kanta ba za ta taɓa gyaruwa ba. Tarihi ya gaskata kowane ɓangare gwargwadon abin da ya faɗa, domin irin tsagin cikin bututu da William Metford ya ƙirƙira, aka gwada shi shekara da shekaru a fagen gasa, shi ne ya shiga bindigar Lee-Metford da sojan Birtaniya suka karɓa a 1888.

Masu ƙaramin bakin nan su ne suka sami fagen kansu a 1862, sa'ad da aka fara gasar Garkuwar Elcho tsakanin Ingila da Sikotilan: mutum takwas-takwas, harbi goma sha biyar a yadi 800, da 900, da 1,000. Ayalan ta shigo a 1865, ta yi ta shan kaye tana komowa, har shekarar 1873 da ta ɗauke garkuwar da bindigogin John Rigby na birnin Dablin, waɗanda ta baki ake yi musu ɗuri.

Ranar Creedmoor

Da zaƙin wannan nasara a baki, shugaban tawagar Ayalan, Manjo Arthur Leech, ya aika da takardar ƙalubale zuwa ga maharban Amurka, aka buga ta a jaridar New York Herald a ƙarshen 1873. Sharaɗin shi ne Amurkawa su zo da bindigogin da aka ƙera a ƙasarsu, kada nauyin bindiga ya wuce laba 10, babu madubin hangen nesa, babu matokari. A lokacin kuwa Ƙungiyar Bindiga ta Amurka shekararta biyu kacal da kafuwa, filinta na Creedmoor a tsibirin da ke gabashin Niyok sabo ne, 'yan ƙaramin kulob ɗin da suka amsa ƙalubalen kuma ba su saba wuce yadi 500 ba. Kamfanonin Remington da Sharps suka duƙufa suka ƙera musu bindigogi masu ɗuri ta gindi, irin waɗanda gwanayen Turai suka yi ittifaƙi a kansu cewa suna da sauri a fagen fama, amma ba za su taɓa kama ƙafar mai ɗuri ta baki wajen daidaito a nesa ba. Ashe ke nan gasar ta wuce ta ƙasa da ƙasa, ta zama ta mazhaba da mazhaba. Shaidar haka kuwa ita ce maƙeran da kansu suka kwanta a ciyawa: Rigby a sahun Ayalan, Lewis Hepburn na Remington da George Yale na Sharps a sahun Amurka.

Ranar 26 ga Satumba, 1874, dubban mutane suka cika filin cikin zafin rana. Allon na ƙarfe ne, faɗinsa ƙafa 12, tsayinsa ƙafa 6, a tsakiyarsa da baƙin murabba'i mai ƙafa uku ta kowace fuska, wanda samunsa maki huɗu ne. Mutum shida-shida suka jeru, waɗansu rub da ciki, waɗansu kuma rigingine, sun miƙe ƙafafu wajen allo sun ɗora bututun bindiga a kansu, domin ƙa'ida ta yarda da kowane irin kwanciya muddin jikin mutum ne kaɗai ke tallafe da makami. A yadi 800 Amurka ta wuce da 326 a kan 317. A yadi 900 Ayalan ta rage tazara, 312 a kan 310, kuma da ta fi haka, ba don wani abin baƙin ciki da ya sami ɗaya daga cikin gwanayenta ba, wato Joshua Millner, wanda ya daidaita ya harba ya sami baƙin tsakiya sarai, sai dai a allon da ba nasa ba, aka rubuta masa sifiri kamar yadda doka ta ce. A yadi 1,000 mutanen Ayalan suka gama nasu da jimillar 931, Amurka tana da 930, saura harsashi ɗaya tak a hannun Kanar John Bodine. Kafin nan kwalbar abin sha ta fashe masa ta yanke shi a hannu. Ya ɗaure da hankici, jini na tsattsafowa, ya kwanta rub da ciki, fili ya yi tsit, ya ja numfashi ya saki rabinsa, sa'an nan ya matsa kunama. Aka ɗan jira gwargwadon tafiyar harsashi, sai ga farin faifai ya taso ya rufe baƙin tsakiya. Amurka 934, Ayalan 931.

Mai karatu ya lissafa da kansa: tazarar maki uku ce, harbin Millner kuwa huɗu ne. Da mutanen Ayalan masu neman uzuri ne, da sun sami abin riƙewa har abada. Amma abin da tarihi ya adana shi ne, Manjo Leech ya bar wa abokan hamayyarsa kyautar wani kofin azurfa da ya taho da shi, wanda har yau ana gasa a kansa a Amurka da sunan Kofin Leech. Da shekara ta zagayo Amurkawa suka ƙetare teku zuwa Dollymount kusa da Dablin, suka sake cin nasara da tazarar maki kusan arba'in, suka zarce Wimbledon. Da yake ƙa'idar Garkuwar Elcho ba ta ba baƙo damar shiga ba, sai masu masauki suka ga bai dace a sallami irin waɗannan baƙi hannu rabbana ba, suka sa musu kofi na musamman a yadi 1,000, Manjo Henry Fulton ya ci, Gimbiya Louise 'yar Sarauniya ta miƙa masa. Shi ne Kofin Wimbledon, wanda shi ma har yanzu yana nan a raye cikin gasar ƙasa ta Amurka.

Palma da darasin 1903

A 1876, shekarar da Amurka ta cika ɗari da samun 'yanci, aka gayyaci ƙasashe zuwa Creedmoor, aka sa kamfanin Tiffany ya ƙera wani dogon tambari mai siffar tutar rundunar Rumawa, tsayinsa ƙafa bakwai da rabi, an rubuta masa kalmar Palma, wato alamar nasara a harshen Latin. Amurka da Ayalan da Sikotilan da Kanada da Ostareliya suka kara, masu gida suka ci. Amma abin da ya fi zama a bakin mutane shi ne aikin mutumin nan da ya yi kuskure shekara biyu da suka wuce: Millner ya kwanta a yadi 1,000 ya zuba harsashi goma sha biyar a jere cikin baƙin tsakiya, ba ko ɗaya da ya kauce.

Tsohuwar tambayar nan ta makami da mai makami ta sake tasowa da ƙarfi a 1903. A lokacin an mayar da gasar Palma ta zama ta bindigar soja, kowace ƙasa da irin wadda take raba wa rundunarta, kuma taron Birtaniya ya riga ya ƙaura daga Wimbledon zuwa Bisley tun 1890, saboda gidaje sun matso harsashi kuma ya ƙara nisa. Tawagar Amurka ta ci a Bisley, daga baya sai ta bayyana cewa bututun bindigoginsu ba na ma'ajiyar gwamnati ba ne, wani maƙeri ne na waje ya yi su da tsagi dabam. Aka yi ta musayar wasiƙu, rai ya ɓaci a ɓangarorin biyu, har a 1904 ƙungiyar Amurka ta ɗauki tambarin ta mayar da shi Ingila, ta zaɓi ta rasa kofi da a ce ta riƙe abin da ke da shubuha. Ba a sake karawa ba sai 1907 a Kanada, inda Amurka ta ci ba tare da wata magana ba. Shi tambarin na asali ya ɓace a tsakiyar ƙarni na ashirin, amma gasar da aka farfaɗo da ita a 1966 tana nan, ana yin ta bayan shekara huɗu-huɗu da tawagar mutum 16.

Malamanmu na fiƙihu, da suka halatta musabaƙa a tseren doki da raƙumi da harbin kibiya, sun sharɗanta a fayyace mafari da matuƙa da adadin samu da irinsa tun kafin a fara, domin sun san cewa gasar da ba a tsare sharuɗɗanta ba husuma take haifarwa. Abin da ya faru a 1903 tafsiri ne a aikace na wannan hikima, ko da yake mutanen da abin ya shafa ba ta wannan ƙofa suka iso gare ta ba.

Abin da ke faruwa cikin daƙiƙa ɗaya da rabi

Kafin mu shiga saɓanin zamaninmu, ya kamata mai karatu ya san abin da yadi dubu ke nufi, wato mita 914. Harsashin da maharban Palma ke amfani da shi yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa, amma iska tana cin ƙarfinsa a hanya, sai ya ɗauki kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya isa. Kuma da yake kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, dole ne a ɗaga bakin bindiga ta yadda harsashin zai hau sama ya gangaro, don in an miƙe shi kai tsaye zai faɗi ƙasa da allo da fiye da ƙafa ashirin. Wannan faɗuwa lissafinta sananne ne, ana rubuta shi a takarda a ajiye. Abin da ba ya rubutuwa shi ne iska. Iska mai gudun mil goma a awa, in ta bugo daga gefe, tana iya kautar da harsashi ƙafa bakwai ko takwas. Ma'ana, wanda ya yi kuskuren mil ɗaya kawai a ƙiyasinsa ya kauce da kusan inci goma. Ga shi kuma iskar da ke kaɗawa a inda maharbi yake kwance ba lalle ne ita ce ke kaɗawa a tsakiyar fili ba.

Saboda haka za ka ga maharbi a filin Stickledown na Bisley ya kwanta a tabarmarsa sanye da riga mai kauri wadda ke ɗaure kafaɗa, maratayin bindiga ya naɗe masa dantse ya ɗame, gefensa ga madubin hangen nesa a kan 'yar ƙafa. Yana duban jerin tutocin da aka kafa tun daga gabansa har gindin allo, wannan ta miƙe, waccan ta langaɓe. Yana leƙa madubi ya ga kawalwalniya tana gudana a saman ciyawa kamar ruwa, in ta karkata hagu ya san inda iska ta nufa, in ta tsaya tana tafasa ya san ta kusa juyawa. Sai ya murɗa saiti, ya mayar da ido cikin 'yar ƙaramar kafar ƙarfe, ya sa baƙin ɗigon da ke can nesa a tsakiyar zoben gaba, ya jira bugun zuciyarsa ya lafa. Wannan shi ne fannin da ya gaji bindigar soja, wanda ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshen shekarun 1960: saitin ƙarfe ba gilashi mai kusanto da abu, maratayi ba matokari, harsashi iri ɗaya, har ma a babban taron Bisley ƙungiya ce ke raba wa kowa nasa. Mutanensa suna alfahari da cewa su ne masu riƙe da isnadi tun daga Edward Ross, kuma suna da abin nunawa: Marjorie Foster, macen da ta fara cin Kyautar Sarki, wato kyautar nan da Sarauniya ta sa tun farko, a 1930, gidan Fulton na Bisley, inda kaka George da ɗa Arthur da jika Robin duk suka ci ta, Arthur har sau uku, da kuma al'adar ɗora wanda ya ci a kan kujera a ɗauke shi a kafaɗa ana zagayawa da shi.

Mutanen teburi da mutanen harafin F

A can Amurka kuwa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗansu mutane suka ɗauki tambayar ta ɗaya gefen. Suka ce, mu cire rawar hannu da bugun zuciya daga lissafi, mu ga iyakar abin da ƙarfe da albarushi za su iya. Harvey Donaldson da abokansa suka taru a Johnstown ta jihar Niyok a 1947, ƙungiyarsu ta ƙasa ta kafu a 1951, sa'an nan a 1967 wani kulob kusa da Williamsport a Pennsylvania ya kai wannan fanni yadi 1,000. Maharbi yana zaune a kujera, bindiga tana kan teburi mai ƙarfi bisa matokari da jakar yashi, abin da aka fi aunawa kuma shi ne yadda ramukan harsasai suka matsu da juna. A 2018 wani Ba'amurke, Mike Wilson, ya tara harsashi biyar a yadi 1,000 cikin wurin da faɗinsa ya ɗara inci ɗaya da kaɗan. Masu maratayi sukan ce wannan aikin maƙera ne da masu awo, ba harbi ba. Mutanen teburi kuma sukan mayar da cewa wanda bai san iyakar makaminsa ba, ba zai taɓa rarrabe kuskurensa da kuskuren makamin ba. Gaskiyar da ba mai musunta ita ce, dabarun gyaran bututu, da zaunar da ƙarfe cikin kota, da auna albarushi ƙwaya-ƙwaya, waɗanda a yau kowane fanni ke cin moriyarsu, akasarinsu daga kan teburin nan suka sauko.

Fanni na uku tausayi ne ya haife shi. George Farquharson, wani dattijo daga garin Kamloops a yammacin Kanada, ya ga abokansa da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a fagen harbi suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, wannan idonsa ya daina rarrabe zobe da ɗigo, wancan kafaɗarsa ba ta jure maratayi, alhali ilmin iska da suka tara cikin shekara arba'in yana nan cikin kawunansu bai tsufa ba. Sai ya roƙi ƙungiyar ƙasarsa ta yarje musu su ɗora madubin hangen nesa, su jingina bindiga a kan matokari, su ci gaba da kwanciya a sahu ɗaya da sauran. Aka karɓa a ƙarshen ƙarni na ashirin, aka sa wa ajin harafin farko na sunansa, wato F. Abin da aka buɗe domin tsofaffi sai samari suka yi masa rubdugu. Aka yi gasar duniya ta farko a Ottawa a 2002, ta biyu a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 2005, ta uku a Bisley kanta a 2009. Aka raba shi biyu: aji mai 'yanci, inda bindiga ke kai kilo 10, da aji mai ƙuntatawa, inda ba ta wuce kilo 8.25 bisa matokari mai ƙafa biyu da harsashi irin na soja.

A nan ne hamayya ta fi zafi, domin gida ɗaya ne kuma fili ɗaya. Masu maratayi suka riƙa kiran sabon ajin harbin teburi na masu kwanciya, suna ganin ya kwashe musu matasa da sauƙinsa. Amsar da 'yan ajin F suka bayar ba da baki suka ba da ita ba, da allo ne: aka rage musu cibiya ta koma rabi, ta yadda a allon Amurka na yadi 1,000, inda da'irar ciki ta mai maratayi ke da faɗin inci goma, tasu inci biyar ce. Wanda ya tuna cewa kuskuren mil ɗaya a ƙiyasin iska ya kusa inci goma zai gane cewa abin da aka sauƙaƙa musu a dantse an tsananta musu shi a ido da hankali. Da yawa daga gwanayen maratayi da suka gwada kwanciya a bayan madubi sun tashi da sabon ladabi, haka nan 'yan ajin F da suka ɗaura maratayi suka ga yadda bugun zuciya ke rawa da bakin bindiga. Tun 2003 kuwa ƙungiyar ƙasa da ƙasa guda ɗaya ce ke tsara dokokin fannonin biyu.

Ba a gama wannan ba sai ga wani sabon ayari. Tun daga 2012 aka tsara a Amurka wata gasa inda maharbi ke gudu da agogo, yana harbin faifan ƙarfe a nisa dabam-dabam, yau daga kan dutse, gobe daga bayan shinge ko kan taya, cikin minti ɗaya da rabi ko biyu. Waɗansu kuma a Raton ta jihar New Mexico suna neman allo a nisan mil biyu. Abin da waɗannan samari ke faɗa game da 'yan ajin F, cewa suna kwance cikin natsuwa a nisan da aka riga aka auna musu, shi ne kusan abin da masu Enfield suka faɗa wa masu Whitworth a zamanin Sarauniya Biktoriya. Abin da ake faɗa musu kuma, cewa faifansu babba ne ba ya neman daidaito na haƙiƙa, shi ma tsohon zance ne da ya sake riga. Ɗaya daga cikin harsasan da suka fi yayi a hannunsu, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, sunan Creedmoor yake ɗauke da shi, alhali filin da kansa ya daɗe da zama harabar asibiti.

Inda suka haɗu

Abu biyu ne suka hana wannan hamayya ta zama gaba. Na farko iska, wadda ba ta san mai maratayi ba balle mai teburi, kuma ba a sayen saninta a kanti. Shi ya sa a gasar tawaga ake ba mai karanta iska girman da ya kai na maharbi ko ya fi, yana zaune a gefe da madubinsa, shi ke murɗa saiti, shi ke cewa a harba ko a dakata, maharbi kuma ya sallama masa. Na biyu amana. A Bisley mutum biyu ko uku ke kwanciya a allo ɗaya, kowa ya miƙa wa na kusa da shi katinsa, abokin hamayyarka shi ne marubucin makinka. A filaye da yawa na Amurka kuma maharba da kansu ke karɓa-karɓa wajen shiga ramin da ke gindin allo, su sauke shi, su nemo ramin harsashi, su sa alama, su ɗaga, harsasan waɗanda suke takara da su na wucewa ta saman kawunansu. Mutumin da ka ba amanar makinka da safe, da wuya ka raina shi da yamma don kawai bindigarsa ta saɓa wa taka.

Hukuncin da wannan tarihi ya yanke, a ganinmu, shi ne cewa kowane fanni ya ɗauki rukuni ɗaya na gwaninta ya kai shi matuƙa: wannan natsuwar jiki, wancan ingancin makami, na uku karatun iska, na huɗu saurin yanke shawara, kuma babu ɗayansu da bai ci bashin ɗan'uwansa ba. Wanda ya ce nasa ne kaɗai harbi ya jahilci inda nasa ya fito. Shi kuwa Joshua Millner, wanda harsashinsa guda ya jawo wa ƙasarsa faɗuwa a Creedmoor, bai ajiye bindiga ba: a 1908, da aka kawo harbin wasannin Olamfik filin Bisley, ya kwanta a yadi 1,000 yana da kimanin shekara sittin a duniya, ya sami maki 98 cikin 100, ya ɗauki lambar zinariya, wani Ba'amurke na biye da shi.